Wa Ya Riga Wani

Kore ƙudan nan daga kan tawadarka, ɗana, ka rubuta. Ni ko kukansa ba na son ji, ko da mijina yana raye haka nake.

Ina ƙarama, shekarar da ruwan fadama ya janye da wuri, babana ya ɗauki gora da koma ya tafi kamun kifi wajen Auyo. Ya saba daɗewa, ba wanda ya damu. Yana can kakanmu, mahaifinsa, ya rasu a gida. Ranar sadakar uku makiyaya suka zo suka ce sun ga mutum kwance kan wani tudu cikin ciyawa.

Na bi mata a guje. Tun daga nesa warin ya tare mu. Da layar damtsensa aka gane shi. Wayyo, ɗana, uban da ke goya ni ya haye kogi!

Liman ya ce a binne shi nan take, amma sai an san wa ya riga wani. In tsohon ne ya riga, babana ya gaji gonar shinkafa, ta zo kanmu. In ɗan ne ya riga, ba mu da ko taki ɗaya, duk ta baffanmu ce. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani.

Sai kakata, uwar babana, ta matso. Bandar kifi ce sana'arta, ta san ƙuda da ɓarnarsa. Babana ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta durƙusa ta tona ƙasar gefen haƙarƙarinsa da yatsa, ta ɗebo wasu 'yan kwanso jajaye kamar shinkafar da ba a surfa ba. Ta murza ɗaya. Ba komai ciki.

Ta ce, "Tsutsa sai ta ƙoshi take shiga ƙasa. Waɗannan har sun zama ƙuda sun tashi. Yaron nan ya riga ubansa da nisa."

Mahaifiyata ta kama zanenta. "Inna, jikokinki fa!"

"Na gan su. In ciyar da su haram?"

Matar da nake kwana a bayanta ce ta faɗi haka, idonta a bushe.

Mahaifiyata na fita takaba ta kwashe mu zuwa Kafin Hausa wurin kawunnanmu, muka tashi a gonar aro. Kakata ta riƙa aiko da bandar kifi, mahaifiyata tana mayarwa. Ranar da kakata ta rasu ba a kai mu gaisuwa ba.

Yanzu jikokin baffa ne ke girbin gonar, kogin ma ya sake hanya ya ci rabinta. Yaran yau kan ce ai da tsohuwa ta yi shiru. Ni kam na kusa kabari. Rubuta dai cewa kifin nan da take aikowa ina son sa, ban taɓa ɗanɗana ba.