Kawu Bronek da Fim ɗin Tsallaken Kogi

Kawuna Bronek Wasiak aski yake yi a Hamtramck, unguwarmu ta 'yan Poland a Detroit. Kafin aski ya shekara goma sha takwas yana ɗaura ƙofofin mota a masana'anta, har ranar da aka tono wata takardar yajin aiki da ya sa wa hannu tun ina rarrafe, aka ce ɗan kwaminis ne, aka sallame shi. Mutumin da bai taɓa fashin coci ba! Ni dai makaranta ce ta kore ni, kuma ita tana da gaskiya.

Takardar zama ɗan ƙasa bai taɓa nema ba. Kullum sai ya ce baɗi.

Matarsa, Inna Lodzia, ta taɓa kai wa ƙanwarta ziyara a New York. A bakin titi wani ya tare su, yana neman mutanen da za su zauna a fim su yi ta dariya kamar 'yan kallon shirin talabijin. Ta yi wuni tana dariya, aka ba ta abincin rana, ta dawo ta yi wata guda tana ba mu labari. Fim ɗin barkwanci ne: wani mai tallan sabulu ya zama tauraro saboda duk mako sai ya fallasa ɗan kwaminis a talabijin, da mutane suka ƙare ya koma kan karen maƙwabcinsa. Kafin fim ɗin ya fito aka sa mai shirya shi a baƙin littafi, wai shi ma ɗan kwaminis ne, ba silimar da ta yarda ta haska shi a Amurka. Ita kuma sanyin shekarar da ta biyo ya tafi da ita. Hotonta ɗaya ne a gidan, na ranar aure, ta murtuke fuska saboda takalmi ya matse ta.

Bayan shekara biyar wani mai zuwa aski ya ce ana haska fim ɗin a Windsor, tsallaken kogi, mako ɗaya tak. Minti goma ne a bas, amma can Kanada ce. Lauya ya riga ya gaya wa Kawu cewa da sunansa a fayil ɗin 'yan kwaminis na gwamnati, ga shi ba ɗan ƙasa ba, in ya fita ba zai sake shigowa ba.

Ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Tadek, ɗan banza, yau za ka yi amfani. Je ka gano min ita."

Mu a lokacin ba ma jiran farkon fim. Ka shiga duk sanda ka iso, a gama, a sake farawa, in an zo inda ka tarar sai ka tashi. Na shiga daidai mai sabulu yana ihu gaban 'yan kallonsa. Na sha dariya har na shaƙe, can sai na sake ganin mai sabulu yana ihu gaban 'yan kallo, na ce to nan na shigo, na miƙe. Ashe sau huɗu yake wannan ihun a fim ɗin, na tashi a na biyu. Sai a bas na tuna ban ga Inna ba.

"Ka gan ta?" in ji Kawu tun daga bakin ƙofa.

"Ƙwarai! Tana nan da jar hularta."

"Jar hula. A fim ɗin fari da baƙi."

"To, Kawu, ai da gani ka san ja ce."

"Da ba ɗan ƙanwata ba ne kai, da kunnen nan na aske. Koma!"

Washegari na koma, na zauna daram har an zagayo sau biyu. Tana layi na uku, gefen wani mai sanƙo. Ta rufe baki da hannu yadda take yi saboda haƙorinta da ya karye, sai dariyar ta fi ƙarfinta, hannun ya faɗi. Daƙiƙa huɗu. Kowa a silimar yana dariya, ni ina share hanci da hannun riga.

Na gaya masa duka, ban ƙara ko gishiri ba. Ya ɗauki reza yana wasawa.

"Hannun ya faɗi?"

"Ya faɗi."

"Yi min yadda ta yi."

Ni da nake kwaikwayon limamin cocinmu da 'yan sanda har a ba ni giya kyauta, na buɗe baki, abin da ya fito kamar kukan agwagwa. Bai zage ni ba, abin da ya tsorata ni ke nan.

Ranar Talata da safe na tarar da shi cikin kwat ɗin coci, kayan askinsa a jaka.

"Kawu, ba za su bar ka ka dawo ba fa."

"Na sani, sarkin ilimi."

"Kabarinta yana wannan gefen kogin."

"Kabarin ba ya dariya. Riƙe min jakar."

Kwana uku ya yi a kujera ɗaya a silimar, daga buɗewa har rufewa, har mai yage tikiti ya fara kawo masa shayi. Ranar Juma'a aka sa fim ɗin kaboyi. Ya hau bas zai dawo gida, jami'an shige da fice suka duba wani littafi, suka sa shi a bas mai komawa Windsor.

Shekara uku ke nan. Ya kama haya a shagon wani ɗan Ukraine kusa da kogi, daga taga ana hango hayaƙin masana'antar da ta kore shi. Duk Lahadi nakan kai masa tsiran alade na unguwarmu, don ya ce na Kanada katako ne, shi kuma ya ba ni fure in kai maƙabarta. Yana sayen jaridun garuruwa uku, shafin silima kawai yake karantawa.

Makon jiya na tambaye shi ko ya yi da-na-sani.

"Wancan mai sanƙon na gefenta," ya ce, "ka lura yana ta kallonta?"

"Kawu, allo yake kallo."

"Ita yake kallo. Zauna in rage maka wannan dajin da ke kanka, uwarka ta daina cewa ba na kula da kai."