Butar da na kai wa Injiniya

Sau uku na buga ƙofar Injiniya kafin na jiyo muryarsa can ciki: "Malam Sani, ɓalle ta kawai."

Maƙwabcina ne a Gwarinpa, ɗan Pakistan, yana aikin gina hanya a nan Abuja, iyalinsa suna can gida. Ranar Asabar ɗin nan ban gan shi a masallaci ba Azahar da La'asar, ga motarsa kuma a ajiye, shi ya sa na leƙa.

Ni da maigadi muka ɓalle ƙofar, muka tarar da shi kwance a banɗaki. Ashe wajen alwala ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a sinki zai wanke, ɗayar ta zame a jiƙaƙƙen tayil. Wayarsa tana falo, shi kuma ya kasa tashi.

A hanyar asibiti na ce, "Oga, me ya hana ka yin ihu?"

Ya ce, "Na yi. Sai can na lura sunan matata nake ta kira, ita kuwa tana Lahore."

Alhamdulillahi buguwa ce a ƙugu, ba karaya ba. Da aka sallame shi na kai masa buta da 'yar kujera, na ce daga yau a ƙofar ɗaki zai riƙa alwala, a zaune, kamar kowa. Shi kuma ya miƙo min makullinsa ɗaya.

Ku da ke zaune ku kaɗai a ƙasar mutane, in kun faɗi yau, wa zai buga muku ƙofa?