Ranar da Na Mayar da Garmaho Kanti

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ban ga alamar zai kwashe ranar da na yi rigima da mai kanti a kan garmaho ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Tudun Wada sayayya yake kamar gobe za a rufe kasuwa. Ni ina ƙaramin akawu, ko aure ban yi ba. Abokaina suka sayi babura, ni kuwa na ɗauko garmaho sabo fil, mai akwatin katako. Sai da na kai shi ɗaki na tuna ba ni da faifai ko ɗaya.

Maƙwabcina malamin sakandare ne, shi ke koyar da mawaƙan cocinsu, bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba. Na je aron faifai na tarar zai fita. Ya ce, "Malam, zaɓi wanda ka ga dama." Na zaɓi mai kyan bango: mutum biyu, kowa riƙe da wata lanƙwasasshiyar algaita ta ƙarfe.

Bayan la'asar na tara abokai, na raba lemo, na ɗora faifai. Jama'a! Ɗaya daga cikin masu busar ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ɗayan ya amsa kamar an taka agwagwa. Ba ganga, ba waƙa, ba inda mutum zai kama ya kaɗa kai. Matar mai gidan hayarmu ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Lafiya? Akuyar wa ta maƙale a can?"

Wani abokina ya ce, "An cuce ka, lasifikar a fashe take."

Washegari na yi hayar tasi na kai garmaho kanti, ina huci. Alhaji mai kantin ya bar ni na gama masifata, sannan ya ɗora nasa faifan. Kiɗa ya fito garau. Ya ɗora nawa, nan take ya ja da baya.

"A'uzubillahi! Samari, faifan nan ka bari ya narke a rana."

Kayan aro, kuma daga Ingila! Kwana biyu ina kauce wa maƙwabcina, a na uku na je na ce, "Malam, na ɓata maka faifai."

Ya ɗora ya saurara, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Ai lafiyarsa ƙalau. Kiɗan jaz ne, abin busar kuma saksafon. Ba su shirya komai ba kafin a ɗauka. Wannan ya faɗi abin da ya zo masa, wancan ya ba shi amsa. Zauna ka ji, hira suke."

Na zauna don kunya kawai. Can sai na ji ɗaya ya yi tambaya, ɗayan ya kwaikwaye shi da tsokana, suka kaure da gardama, sannan suka sassauta tare kamar sun shirya. Wallahi gashin jikina ya tashi.

Ba zan yi ƙarya ba, har yau ban zama mai son kiɗan nan ba. Amma tun daga ranar, in na ji abin da ban gane ba, ko a bakin mutum ne, nakan fara zargin kunnena kafin in ce abin ya lalace.