Succorina Rebelo, mai tambayar an ga wata

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, muna bakin aiki a kamfanin wankin kayan otal da ke unguwar Edmonton a London, aka yi mana waya cewa Succorina Rebelo ta rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya. Mutuniyar Goa ce ta ƙasar Indiya, Kirista ce, kuma ita ce babbar yayarmu a wurin aiki. Da kuka ya lafa, tambaya ɗaya ta tsaya mana a rai: mutanenki na Goa da ke aiki tare da mu, za su samu raka ki kabari kuwa? Duk ta hannun agency, wato kamfanin dillancin ma'aikata, aka ɗauke su, wanda ya yi fashin aiki sau ɗaya sai ya nemi sunansa a rota, jadawalin aiki, ya rasa.

Succorina, na zauna in rubuta baƙin ciki, amma wallahi dariya ke ta kufce min, don ba ki bar mana wani abin tunawa ba sai na dariya.

Na same ki a bakin injin guga, 'yar gajeruwa, muryarki ta fi ƙarar injin. Daga unguwar Wembley kike tasowa, daga gidan da aka tsattsaga ɗakunansa da katako. Akwai gadon da mutum biyu ke kwana a kai bi da bi, mai aikin safe ya tashi, mai dawowa ya haye tun bargon da ɗuminsa. Duk wanda ya sauka daga ƙauyenku da 'yar jaka da fasfon Portugal, ƙasar da ta taɓa mulkin Goa, wurinki ake turo shi. Ki nemo masa rigar sanyi, ki kai shi ya yi rajistar likita, ki tsaya kan mai gidan haya har sai ya gyara bangon da ya yi baƙi da danshi. Kin sha cewa ba ku ƙetaro teku don ku zo ku ruɓe a ɗaki ba.

Ke kika ƙirƙiro musayar da ta raya mu. Wata shekara aka hana ni hutun Sallah, kika tarar da ni ina ninke zanen gado ina hawaye. Kika ce, “Nimatu, share fuskarki. Mu za mu yi muku aikin Sallah, ku kuma ku yi mana na Kirsimeti.” Nan take kika tara mutanenki, kika duba kalanda, kika raba musu ranar.

Sai wata ya ƙi fitowa. Sallah ta matsa gaba da kwana ɗaya, ga mutanenki sun riga sun shirya wa ranar da ba ita ba. Ba zan manta yadda kika riƙe ƙugu a gaban Inusah, ɗan Ghana mai tura keken kaya ba. Kika ce, “Wane irin biki ne wannan da bai san ranarsa ba? Namu tun kaka da kakanni yana nan inda aka ajiye shi.” Inusah ya yi dariya har ya zauna a kan buhun tawul. Kika gama faɗanki tas, sannan kika sake zagaye mutanenki ɗaya bayan ɗaya, kuka yi mana ranar da ta biyo baya. Na yi Idi a masallacin Regent's Park da 'ya'yana, karo na farko tun zuwana London.

Daga shekarar nan kika fi mu damuwa da wata. Azumi na zuwa ƙarshe sai ki sa mutanenki su ware kwana biyu, duk wadda ta faɗo a ciki. Hausar da kika iya duka-duka ita ce, “An ga wata?” Da ita kike tare kowa a ƙofa, har manaja da bai san me kike cewa ba. Sau da yawa ke ce kike riga mu jin sanarwar masallaci, ki kira ni kina ihun murna kamar ke ce kika kai azumin. Mu kuma ranar Kirsimeti mukan cika wurin, washegari ki zo mana da miyar kifi da kwakwa, kina rantsuwa cewa tukunyar ba ta taɓa ganin alade ba.

To, da aka sa ranar jana'izarki, Perpetua, 'yar ƙanwarki da ke aiki tare da mu, ta je wurin manaja. Ya ce mutum biyu kawai zai saki, don otal-otal ba sa jiran makoki. Ta fito ta rasa wa za ta zaɓa a cikin mutanen da duk ke kika tarbe su a ƙasar nan. Kafin ta buɗe baki Inusah ya ce da ita, “Ku tafi duka, mu muna nan.” Muka shiga kiran mutanenmu a waya. Masu hutu suka fasa hutu, waɗanda suka bar aikin tuntuni suka roƙi agency ta mayar da su na yini guda, har Ajara mai ciwon gwiwa ta zo da sandarta. Manaja ya leƙo, ya ga kowane inji da mutum a bakinsa, ya koma ofis.

Don haka ban je jana'izarki ba, Succorina, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Lokacin da ake shiga da ke coci ina tsaye a injinki, ina guga ina kuka. Amma Perpetua ta turo min hoto: ba a rasa mutum ɗaya daga cikin naki ba, kuma washegari kowa ya tarar da sunansa a rota.

Allah ya dubi alherinki da idon rahama, ya saka miki da abin da ya fi shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Perpetua, da 'ya'yanki da ke Goa, da dukan mutanen gidan Wembley. Allah ya ba ku haƙuri, ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Azumi ya kusa, kuma jiya a ƙofa Perpetua ta riƙo hannuna, ta ce in koya mata yadda ake tambayar nan da Hausa.