Tagar Léonce

A ƙauyenmu na tsaunukan Corrèze, a ƙasar Faransa, ba a tambayar tsoho ko ya kwana lafiya, tagarsa ake dubawa. In ya buɗe ƙyauren katakon da safe, yana nan da ransa. In hantsi ya yi tana rufe, maƙwabci ya tsallaka ya duba.

Ni ke kai musu burodi a mota, saboda haka na san Madam Fernande tun tana tatsar shanunta da kanta. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse birni. Gidajen layin kuwa 'yan Paris sun saye ɗaya bayan ɗaya, sai watan Agusta su zo su sha iska, su ɗauki hoton shanu kamar ba su taɓa ganin saniya ba, su koma. Ya rage daga ita sai tsoho Léonce, wanda tagarsa ke kallon tata. Kullum safiya sai an yi.

"Au, ba ki mutu ba, uwar mita?"

"Sai na binne ka tukuna, kurman banza!"

Da ƙafa ta gagari Léonce, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa birnin Limoges, gidan ya koma hannun wasu ma'aurata 'yan Paris. Kwanansu na farko suka shantake da barci, rana ta take, taga a rufe. Sai ga Fernande da sandarta tana dukan ƙofa, tana kiran Léonce. Maigidan ya fito da gajeren wando yana murza ido.

"Lafiya, Madam?"

"Ku za a tambaya! Tagarku a rufe!"

"Ai hutu muka zo."

Suka yi ta dariya, ita ko murmushi. Da ta zo karɓar burodi ta ce mini, "Na san ya tafi, ɗan nan. Ƙafata ce ba ta sani ba." Wallahi ta ba ni tausayi.

Da hutu ya ƙare, ta roƙe su makulli, wai gida ya riƙa shan iska. Ko ana zuba ƙanƙara sai ta lallaɓa ta buɗe tagar Léonce, ta dawo ta zauna a tata tana kallo.

Na ce, "Haba Madam, da wannan gwiwar taki? Wa zai leƙo ya tsokane ki?"

"Babu. Ina kewar bakin nan nasa dai." Ta nuna hanya da haɓa. "Tawa ba a hango ta daga titi, tasa ake hangowa. Ranar da ka gan ta a rufe, kada ka tsaya danna hon. Wurina za ka shigo."

Yanzu tun daga kwanar gada nake miƙa wuya, ina duba ko tagar Léonce a buɗe take.