Kanarin Baba da Kaskon Gawayi

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta su, sai in wani ya tuna mini na ce "au, haka fa aka yi." Amma safiyar da kanarina ya mutu a ɗakin jego ba ta cikin waɗannan. Ko da tsufa zai kwashe mini tunani kaf, na san wannan safiya ita za ta rage.

Ni 'yar Kazaure ce, aure ya kai ni wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Kanarin kuwa gadonsa na yi. Mahaifina tsohon ma'aikacin gwamnati ne, da ya yi ritaya sai ya koma zaman zaure, daga shi sai rediyo sai tsuntsunsa. Da ya rasu aka zo rabon kaya, yayyena maza kowa ya kau da kai daga kejin, ni kuwa na ce a ba ni. Aka yi ta yi mini dariya, wai ina aka taɓa ganin mace da kiwon kanari. Na ce to yau an gani. Haka na rungumo kejin a bayan babur har gidan mijina, mutanen gari suna kallona. Ina son tsuntsun nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Duk safiya in ya ɗaga kai ya fara rera kukansa, sai na ji kamar Baba na nan zaune a zaure yana shan shayi.

Shekarar da abin ya faru an yi sanyin da har yau tsofaffin garin suke kwatance da shi. Man gyaɗa ya daskare a kwalba, sai an kai shi bakin murhu kafin ya zubo. In ka taɓa ruwan randa da asuba sai ka ji yatsunka ba naka ba ne. Awaki sun daina tsoron mutane, kana hura wuta za su zo su kewaye ka, har wata ta ƙona gashin gefenta ba ta matsa ba. Masallacin asuba da kan cika har waje, maigidana ya ce sahu ɗaya ma da ƙyar yake cika, limamin kuma ya koma gajerun surori.

A tsakiyar wannan sanyi na haihu, kuma bakwaini, mace, 'yar mitsitsiya. A asibiti ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwar ta ja mini kunne ta ce, "Wannan yarinya babban abokin gabarta sanyi ne. Kada ki bari ya taɓa ta." Ba ta san ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi ba. Shekara biyu kafin nan na haifi ɗa namiji, hunturu ya same shi yana wata biyu, ciwon haƙarƙari ya kama shi, kwana huɗu ya koma ga Mahaliccinsa. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani gudu yake yi. Na dawo gida da abu ɗaya a raina: sanyi ya ɗauke mini ɗaya, ba zan bar masa ta biyu ba.

Mai yi mini wanka ƙanwar mahaifin maigidana ce, Gwaggo muke ce mata. Tsohuwa ce mai ƙarfi, mai faɗa, kusan rabin matan garin ita ta yi musu wankan jego. In ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa miki, sai kin kira sunan uwarki. Tana gamawa ta miƙo kwanon kunun kanwa ta tsaya a kanki sai kin shanye. Ni da ita muna shiri, abu ɗaya ne ya raba mu, wato kanari. Kullum sai ta ce, "Tsuntsun da ba ya ƙwai a ci, ba ya isa miya, sai cin gero da surutu. Da kaza kika ajiye da yanzu mun yi miki farfesu." Ni kuma na ce, "Gwaggo, ai ke ma surutun kike yi, kuma ba mu kore ki ba." Sai ta ɗaga mafici kamar za ta make ni, mu yi dariya.

Ɗakin da nake jego sabo ne. Maigidana ya gama shi bayan kaka, ginin bulo da siminti, rufin kwano, har da silin, ga tagar ƙarfe da ƙofar ƙarfe. Shi ne irinsa na farko a gidan, sauran duk na ƙasa ne da jinka. Yana alfahari da ɗakin nan, duk baƙon da ya zo barka sai ya nuna masa yadda ƙofar ke rufuwa ruf, ko sauro ba ya samun hanya. Ni ma na yi ta murna, na ce to sanyi sai ya nemi wani gidan.

Al'adarmu kuwa sananniya ce, bayan wanka akan shigo wa maijego da kaskon garwashi ta gasa jiki, ɗaki ya yi ɗumi. Gwaggo takan hura gawayin a tsakar gida, sai ya yi ja sannan ta shigo da shi. Ni kuma na ƙara da nawa. Na sa aka cusa tsummoki a ƙasan ƙofa, na liƙe gefen taga da yagaggen buhu, 'yar kafar da magina suka bari a sama ita ma na sa aka toshe ta da kwali. Ko iska ta motsa labule sai gabana ya faɗi.

Ranar da abin ya faru kwananmu goma sha biyu da haihuwa, ranar kasuwar Gwiwa ce, maigidana ya ɗaure buhun riɗi a babur ya tafi tun da sassafe. Da na fito wanka na leƙa rumfar da kejin ke rataye, sai na ga kanarin ya kumbura gashinsa, ya cusa kai a fiffike, ko geron da na zuba masa jiya bai taɓa ba. Kwana uku ke nan bai yi kuka ba. Tausayi ya kama ni, na sauko da kejin na nufi ɗaki da shi.

Gwaggo ta ce, "Ina kuma za ki da shi?"

Na ce, "Ɗaki. Shi ma rai gare shi."

Ta ce, "Ikon Allah! To sai na dama masa kunun kanwa, in ya so gobe na haɗa ku wankan."

Na rataye kejin a ƙusa can sama kusa da silin. Gwaggo ta shigo da kasko ta ajiye, ta ce za ta leƙa maƙwabta ta karɓo kanwa, ta ja ƙofa ta fita. Na duba garwashin na ga kamar ba zai kai hantsi ba, sai na jawo kwandon gawayi na ƙara masa ɗanye har ya yi tozo, na fifita. Na mai da tsumman ƙasan ƙofa, na kwanta kusa da yarinya. Ba a jima ba ɗaki ya yi ɗumi mai daɗi. Kanarin ya warware, ya sauko ya ci gero, har ya yi ɗan kuka sau biyu. Wallahi daɗi ya cika ni, na ce a raina yau na gama da sanyi, na rufa wa kowa asiri.

Daga nan kaina ya fara sarawa. Na ce rashin barci ne. Jikina ya yi nauyi, zuciyata tana tashi, na ce kunun ne ya yi yawa. Yarinyar da ba ta yin awa biyu ba ta nemi nono ba, sai ga shi ko motsi ba ta yi, na ce Alhamdu lillahi ɗumi ya karɓe ta. Kowace alama ta zo sai na ba ta amsa na sallame ta. Barci yana jana, wani irin barci mai daɗi da ban taɓa jin irinsa ba.

Idona ya kusa rufewa na ji fatar-fatar a cikin keji, sai kuma wani ɗan ƙaramin sauti, tim. Na ɗaga kai da ƙyar. Kanarin yana kwance a ƙasan kejin, ƙafafunsa a sama, fiffike ɗaya yana rawa. Ina kallo ya daina.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: ba don 'yata na tashi ba, don tsuntsu na tashi. Ita ina ganin barcinta take yi lafiya. Na yunƙura zan ɗauko kejin, ƙafafuna suka ƙi, na zube a ƙasa, ɗakin yana juyawa da ni. Na buɗe baki zan kira Gwaggo, muryar ba ta fita. Haka na ja jiki da gwiwa da hannu har bakin ƙofa, na fizge tsumman, na kama mariƙin na rataya a jikinsa har ta buɗe. Iskar da na yi kwana goma sha biyu ina gudu ita ta dake ni a fuska, na kife a bakin ƙofa ina amai.

Allah ya sa a daidai lokacin Gwaggo ta shigo, tare da wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari. Gwaggo tana ganin ƙofa a hangame ta saki salati ta ce, "Ke 'yar nan, kin haukace ne? Rufe ƙofar nan, za ki kashe yarinya!" Ta taho da gudu za ta rufe. Bafulatanar ta dire ƙwaryarta, ta riga ta shiga. Ta dubi kasko, ta dubi keji, ta dube ni, sai ta suri yarinyar ta fito da ita tsakar gida. Gwaggo ta tare ta tana cewa sanyi, sanyi. Matar nan ta ce, "Inna, ki yi haƙuri ki matsa. Ba sanyi ba ne, gawayi ne. Ba ki ga tsuntsu ba?"

Sai a lokacin hankalina ya kai kan 'yata. Ta yi laƙwas a hannun matar, an girgiza ta ba ta motsa ba, an murza tafin ƙafarta ba ta yi kuka ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko ranar da ɗana ya rasu. Shi wancan, ciwo ne ya zo ya same shi. Wannan kuwa ni na ɗebo gawayin da hannuna.

Aka samo mai babur. Bafulatanar ta cusa yarinyar a cikin rigarta ta hau, ni aka ɗora ni a wani babur ɗin, Gwaggo ta riƙe ni ta baya tana ta addu'a a kunnena. A asibiti suka sa wa yarinyar abin shaƙar iska a hanci, ni ma aka sa mini. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Abin da na sani shi ne can na ji wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa, Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Malamin asibitin ya yi mana bayani a natse. Ya ce gawayi yana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta, ko da ya yi ja babu hayaƙi. In ɗaki a rufe yake sai ta taru, mutum ya yi barci ya wuce. Ya ce ƙaramin tsuntsu ya fi mutum saurin faɗuwa, da ba a shigo da shi ba da babu abin da zai tashe ni. Gwaggo ta ce, "Likita, ni fa tun ina yarinya nake shigar wa masu jego da wuta, ban taɓa ganin haka ba." Ya ce, "Inna, a wane irin ɗaki?" Ta ce, "Na jinka." Ita da kanta ta gano. Ɗakin jinka ko ka rufe shi yana numfashi ta ciyawa da ƙofar asabari. Mu kuwa mun ɗauko al'adar ɗakin jinka mun shigar da ita ɗakin siminti, na kuma bi sauran kafofin na toshe.

Kafin a sallame mu suka koya mini ɗumin da ba ya buƙatar wuta: a sa wa yarinya hula da safa, na kwantar da ita a ƙirjina fata da fata, a ɗaure mu da zani, a lulluɓa bargo. Haka muka ƙarasa hunturun, ni da maigidana muna karɓa-karɓa, shi da da farko ya ce kunya yake ji a gan shi da goyo a gaba. Ya hau da kansa ya cire kwalin da na toshe kafar sama, ya kuma kira magini ya ƙara wata.

Da muka dawo gida na tarar da kejin babu kowa. Na tambaya, aka ce Gwaggo ce. Ashe ta naɗe tsuntsun a ƙyalle mai tsabta, ta haƙa rami a bayan rumbu ta binne shi, ta hana yara su taɓa. Da na yi mata godiya sai ta harare ni ta ce, "Ba don ke na yi ba. Ya yi abin da ni ban yi ba." A nan ne na yi kukan da ban samu yi ba tun safiyar. Na yi kukan tsuntsuna, na yi na Baba, don ji na yi kamar ranar ya sake rasuwa.

Yarinyar nan yanzu ta fi ni tsawo, bakinta kuwa ya fi nawa, ba mai cewa bakwaini ce. Abin da na koya shi ne tsoro ma yana kisa in ya yi yawa. Na zuba wa sanyi ido har na kasa ganin abin da ke cikin ɗaki tare da ni, garin neman gira na kusa rasa ido. Duk yadda kake son abu, kada ka rufe shi ruf, ka bar masa kafar da zai sha iska. Shi ya sa har gobe in na je barka da hunturu na tarar da kasko a ɗaki, kafin na ce "ina kwana" taga nake fara buɗewa. Tsofaffi su yi ta faɗa, su ce ba ni da ta ido. Nakan bar su su gama, sannan na zauna na karɓi jaririn, na ba su labarin nan tun daga farko.