Ranar da Na Gwada Yauƙi

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na fara jin an ce mutum yana da yauƙi. Kafin nan a miyar kuɓewa kawai na san kalmar.

A unguwar Soron Ɗinki muka tashi, a gidan kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Hajiya. Kakanninta Larabawan fatake ne da suka zauna a birni, shi ya sa ba a rasa alkaki da shayi a ɗakinta. Wata ranar Alhamis aminiyarta ta zo daga Dukawuya. Yayata, wadda ta ba ni shekara uku, ita ta kai mata ruwa. Ta shiga a hankali, ta durƙusa, ta ajiye tiren ko ƙara bai yi ba, sannan ta gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa.

Baƙuwar ta dubi Hajiya ta ce, "Masha Allah, wannan jika taki akwai yauƙi."

Ba ta rufe baki ba na faɗo ɗakin a guje, na yi fatali da takalmanta a bakin ƙofa. Baƙuwar ta yi dariya ta ce, "Wannan kuma kamar an koro ta."

Abin ya tsaya mini a rai. Da yamma na tambayi yayata mene ne yauƙi. Ta ce, "Ki riƙa komai a hankali mana, tafiya da magana. Haka mata suke yi."

Washegari Umma, mahaifiyarmu, ta jiƙa shinkafar waina ta ba ni in kai markaɗe. Na ce yau zan gwada. Na ɗora bokitin a ka, ina ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙwai. Duk dattijon da na gani a dakali sai na rusuna na ja gaisuwa. Tafiyar da na saba yi cikin minti biyar ta kusa cin rabin awa. Na tarar da layi a gidan injin, kuma saura mutum biyu a zo kaina aka ɗauke wuta. Sai da na jira mai injin ya tayar da janareta.

Da na dawo, Umma tana tsaye a tsakar gida, gawayinta ya kusa cinyewa.

"Wane irin yauƙi ne wannan?" in ji ta. "Tun yaushe na aike ki?"

Jiya an faɗi kalmar nan ana yabo, yau an faɗe ta ana yi mini faɗa. Na ajiye bokitin na wuce ɗakin Hajiya ina hawaye, na ba ta labari daga farko. Ta yi dariya har sai da ta ajiye carbinta.

Ta ce, "Zo ki zauna. Kin ga yayarki jiya? Kafin baƙuwar nan ta iso ta yi shara, ta wanke kwanuka, ta dafa shayi, duk da hanzari. Sai da ta zo gaban baƙuwa ta sassauta, don kada matar ta ji kamar an gaji da ita. Wannan aka yaba. Idan kuwa ana jiran ki kika sassauta, sunan ɗaya ne, amma faɗa za ki sha."

Na ce, "To Hajiya, ni ba ni da shi ke nan?"

Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ba ki da shi. Uwata ma ba ta da shi, muryarta har zaure ake ji, kuma ba a yi macen da ta fi ta riƙon gida a unguwar nan ba. Goge idonki."

Wainar ranar sai bayan la'asar aka ci ta, Umma kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Daga wannan makon Hajiya ta mayar da ni 'yar aikenta. Ni ke kai ƙwaryar alkaki gidajen 'yan uwa, ni ke kai saƙon suna da na biki har Ƙofar Kabuga, in dawo shayinta bai huce ba. A haka na san lungunan birni ɗaya bayan ɗaya, da gidan da ake shiga ta zaure uku, da wanda tsohuwar cikinsa ba ta ji sai an ɗaga murya. Shekara shida na yi ina wannan aiki, har ƙafar Hajiya ta daina taka ƙasa, na koma kwana a ɗakinta.